Buhun da Ya Dawo daga Isa

Kurawa,
ana jiran tsayuwar watan azumi.

Zuwa ga ɗana Magaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen gidan da ka sauka. Allah Ya tsare ka a wurin aiki da kan hanya, Ya haɗa ka da abokan kirki, Ya kai mu watan da muke jira da rai da imani. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Ba za ni cika ka da labarin gida ba, don babu sabo. Sama tana nan fayau yadda ka bar ta, kowa ya share gonarsa ya zauna yana kallon gabas.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami buhun gero ne. Shekaranjiya da la'asar Ɗanjuma direba ya tsaya a ƙofar makaranta, ya sauke rabin buhun nan da na haɗa ka da shi ranar da ka tafi garin Isa kama aiki. Ko ɗaurin bakinsa ba a kwance ba. Na gane ɗaurin, ni na yi shi da hannuna.

Na ce, “Ɗanjuma, lafiya?”

Ya ce, “Lahiya lau, Malam. Inna Hajo ta ce in maido maka. Wai yaro ya ce masallacin bakin kasuwa za shi shan ruwa, can za shi yin asham, sahur kuwa shayi da burodi sun ishe shi. Ta ce to hatsin mi za su amsa, tunda ba su da bakin da za su ciyar?”

Ya ja motarsa ya tafi, ya bar ni tsaye da buhu a gaban 'yan makaranta.

Ba faɗa za ni yi maka ba, Magaji. Na san zuciyarka. Ka shiga gidan Baba Ila da matarsa Inna Hajo, ka duba yadda suke a shekarar fari irin wannan, ka ce a ranka bai kamata ka ƙara musu nauyi ba. Ka ji cewa Alhajin da ya gina masallacin bakin kasuwa yana fitar da shinkafa da dabinon da ake kawo masa daga Nijar, ga injin wuta, ga lasifika, ga limami mai daɗin karatu. Sai ka ga ai sauƙi ya zo: kai ka ƙoshi, su kuma sun huta. Tunani ne na ɗan kirki. Matsalarsa ɗaya, irin tunanina ne sak, kuma na ga inda ya kai ni. Saboda haka ka zauna ka karanta a hankali. Innarka ta leƙo ta ga na jawo takardu, ta ce, “Kai dai Malam, komi sai ka rubuta. Ka ce ma yaro shi ci tuwon gidan da yake kwana, shi ke nan.” Wataƙila ita ce da gaskiya. Amma ka san ubanka, sai ya bi abu daki-daki kafin hankalinsa ya kwanta.

Za ni fara da lokacin da nake kamarka, ko ƙasa da kai kaɗan, ina makaranta a Sakkwato. Akwai shekarar da azumi ya same mu a hutu, ban dawo gida ba, na zauna wurin wani ɗan garinmu mai sayar da fatu. Ni da abokaina biyu muka mai da masallatan birni kamar rumfunan kasuwa. Yau muna nan don an ce ƙosansu manya ne, gobe muna can don an ce ana raba nama. Mun san inda kunu ya fi tsami, mun san inda ake zuba sukari. Asham kuwa sai mu nemi limamin da ya fi sauri, wanda kafin ka gyara tsayuwa ya yi ruku'u. Muna ganin mun fi kowa wayo.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da ni. Mai masaukina ya yi tafiya, abokaina kowa ya ɗauka ina wani masallacin. Na yi kwanaki a ɗaki, rana ta faɗi in ja jiki in sha ruwan randa in koma. Babu wanda ya zo dubiya, kuma ba don mutanen birni ba su da kirki ba. A bakin lungunmu akwai wani ɗan masallaci da ban taɓa zama a cikinsa sau biyu a jere ba. Da a nan nake shan ruwa kullum, ranar farko da aka ga gurbina babu kowa wani zai ce, ina yaron nan Bagobiri? Da an aiko. Amma wanda yake ko'ina, babu inda za a ce ba ya nan.

To wannan shi ne na farko, ɗana. In za ka zaɓi masallacin azumi, ka zaɓi inda in ba ka zo ba za a tambaya. Taron bakin kasuwa yana da yawa, Allah Ya saka wa Alhajin da alheri, yana ciyar da matafiya da 'yan dako da mutanen da fari ya koro daga ƙauyukansu. Su aka yi wa wannan shinkafa. Kai kana da gida a Isa.

Na biyu ya fi wannan nauyi, kuma shi ya shafi buhun. Duk wanda ya kai shekaruna a Kurawa ya san labarin, ba wani abin ɓoye ba ne. Kai ne dai kana ƙarami lokacin, kuma ba irin zancen da ake yi a gaban yara ba ne.

Ka san Baba Ila ɗan kawuna ne, taubashina. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yara ba ya kirana da sunana, sai dai “bawana”. Ni kuma ba na barinsa ya sha iska. In ya sa sabuwar hula sai na fizge, in ya sayi rake sai na karya rabi. Ranar da aka kai masa Inna Hajo ni na tsaya a ƙofar ɗaki na ce ba mai shiga sai an biya bawa. Ban da innarka, babu wanda na saba da shi a duniya kamar Ila.

A shekarar babban farin farko, wanda ya kashe shanun Fulani har aka riƙa ganin ƙasusuwa a bakin gulbi, azumi ya faɗo a kaka. Kaka ce ta suna kawai. Gero ya yi kara bai yi ido ba, wasu ko dami ɗaya ba su ɗaure ba. Ni ina koyarwa a Sabon Birni, ina da ɗan albashi. Da na so, da na riƙa hawa kekena ina dawowa gida shan ruwa, ko da ba kullum ba. Sai na ce wa kaina, ai in na zauna can na rage musu baki ɗaya. Akwai wani attajiri mai fatauci zuwa Maraɗi da ke ciyarwa a masallacin ƙofar gidansa, limaminsa kuma in yana karatu sai ka ji kamar kada ya tsaya. Can na tare. Ina aiko wa innarka da hatsi, ina ganin na sauke duk abin da ke kaina. Yau in na duba, ban san ko tausayi ne ya zaunar da ni ko shinkafa ba. Na sha tambayar kaina, amsar tana canzawa.

Ka san yadda muke shan ruwa a masallacin unguwarmu. Kowane gida ya fito da akushinsa, a jera a gaban tabarmi, a buɗe, kowa ya kai hannu inda ya so. A nan ake tsokanar wanda kunun gidansa ya tsinke, a nan ake yabon wadda ta iya fura. Haka na taso na gani, haka na bari.

Abin da ban sani ba, a wannan shekara an sauya. Ba wanda ya yi shela, ba wanda ya tara mutane. Tun kwanakin farko dattawa suka lura wasu akusan suna zuwa da sauƙi, wasu magidanta kuma sun fara jinkiri sai an gama ci su iso. Sai marigayi Baba Nomau, yayan liman, ya fara karɓar akushin kowa a rufe, ya kai bayan katangar masallaci shi kaɗai. Can zai juye komai a babbar ƙwarya ɗaya, ya fito da ita a ci tare. Kafin ya fito kuwa ya riga ya ɗebi wani abu ya zuba a kowane akushi, ya rufe da faifai. In an idar da asham kowa ya ɗauki nasa ya kai wa iyali. Mai abu ya kawo, marar abu ma ya kawo akushinsa a rufe, ya riƙe shi hannu biyu kamar kowa. Ba wanda ya san na wa ya zo da nauyi, ba wanda ya tambaya. Akushin da ya fito babu komai ba ya komawa babu komai. Gidaje da dama da wannan suka ga ƙarshen watan.

Kowa a unguwa ya san wannan, har yara. Ni kaɗai ban sani ba, don ina can ina jin daɗin karatu.

Sai a goman ƙarshe na dawo. Na yi wanka, na sa rigata mai guga, na fito masallaci ana gab da kiran salla. Ina gaisawa da mutane sai ga Ila tafe da akushi, ya riƙe shi hannu biyu. Ya rame, amma kowa ya rame, ban kawo komai a raina ba. Yana hango ni ya washe baki.

Ya ce, “A'a! Jama'a, bawana ya dawo! An gama lashe tukwanen Sabon Birni ke nan? Ku dubi wuyanshi, har ya yi ninki.”

Aka yi dariya. Ni kuma daɗi ya kama ni, na yi kewarsa ƙwarai. Na ce, “Ubangijin da ba ya ciyar da bawa ai dole bawa ya nemi wani. Kawo in ga abin da Hajo ta dafa, ko yau ma ruwan wankin ludayi ne?”

Na ji wani ya ce, “Malam, bari,” amma hannuna ya riga ya kai. Na fizge faifan kamar yadda na saba fizge hularsa.

Babu komai a ciki, Magaji. An wanke shi, ya bushe ƙarau. Ludayi ne kawai a kwance, an naɗe shi da tsumma don kada ya yi ƙara a hanya. Wannan tsumman shi ne abin da ban taɓa mantawa ba. Na tuna Inna Hajo zaune tana naɗe shi a tsakar gida, don mijinta ya fita cikin maza da mutuncinsa.

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ni kuma na tsaya da faifai a hannu, na rasa yadda ake mayar da shi. Ila ne ya cece ni. Ya yi dariya, ya ce, “Kun gani ko? Bawan ga, tun bai taɓa ba albarka ta gudu. Ku riƙe akusanku da kyau.” Mutane suka taya shi dariya don tausayi. Ladan ya kira salla, aka sha ruwa. Ila ya kurɓi ruwa, ya ɗan taɓa abin da ke cikin ƙwarya, muka yi magariba. Bai tsaya asham ba.

Kashegari bai zo ba. Rana ta biyu ma haka. Aka ce can wani ɗan masallaci na bayan gari yake zuwa, wajen masu dabbobi, inda kowa ke shan ruwa a bukkarsa a haɗu salla kawai. Ka lura da abin da wannan yake nufi. Tunda akushinsa ya daina fitowa, babu abin da ke komawa gidansa. Baba Nomau ya gwada aika musu a ɓoye, Ila ya ce a gode masa, sun ƙoshi. Kunyar da na ba shi a gaban mutane ita ce ƙaramar ɓarna. Babbar ita ce na toshe ƙofa ɗaya tak da abinci ke shiga gidan ba tare da an kira shi sadaka ba.

Na je na ba shi haƙuri. Ya ce, “Ba komi, Malam.” Malam. Tunda aka haife ni bai taɓa kirana haka ba. Na koma na auna gero na aika, gero ya dawo da ɗaurinsa. Bayan ƙaramar salla Inna Hajo ta sayar da tasoshinta, suka kwashe yara suka koma Isa. Ya yi dako a kasuwa, daga baya ya samu ya kafa 'yar rumfar tabarmi da igiya da ka gani.

Kada ka ɗauka gaba muka yi. Ila ba ya gaba. Ya zo sunan ƙannenka, na je na 'ya'yansa. Da kakarka ta rasu shi ya shiga kabari ya karɓe ta. Amma shekara da shekaru daga “Malam” sai “Hedimasta”. Mu gaisa, mu tambayi iyali, mu yi zancen ruwan sama kamar baƙi biyu a tasha. In an kawo abinci sai ya ce ya riga ya ci. Tun ranar nan hannuna da nasa ba su sake haɗuwa a ƙwarya ɗaya ba.

Darasin a nan ba wai kada ka yi wasa da taubashi ba ne. Wasa halal ne, shi ke riƙe zumunci. Laifina shi ne na bar mutanena a wata mai wuya na tafi inda ya fi daɗi, na dawo ina ɗauka suna nan yadda na bar su. Masallacin unguwa ba wurin salla kaɗai ba ne. A nan ake sanin halin da maƙwabci ke ciki ba tare da ya buɗe baki ba, a nan ake koyon abin da ba a faɗa. Wanda bai zauna ba ba zai sani ba, kuma komin kyan nufinsa sai ya taka wani.

Yanzu ga dalilin da ya sa buhun nan ya hana ni sukuni. Da takardar ɗaukarka aiki ta fito, na rasa inda za ni sauke ka a Isa. Innarka ta ce, “Kana da ɗan'uwa a garin kana neman ɗakin haya? Mi mutane za su ce?” Na yi ta juya abin, daga baya na shiga mota na tafi. Na same shi a rumfa yana tufka igiya. Na yi ta kewaye-kewaye, na yi zancen zafi, na yi zancen tsadar hatsi, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ɗago kai ba. Ya ci gaba da tufkarsa, can sai ya ce, “Ɗan bawana ai dukiyata na. Turo shi, in gani ko ya ɗara uban hankali.”

Magaji, ban san yadda na fito daga kasuwar nan ba. A mota ina ta murmushi ni kaɗai, har Ɗanjuma ya ce, “Malam, ko an yi maka ƙarin girma?” Na ce an yi. Bawana. Ban zaci za ni sake jin kalmar nan daga bakinsa ba kafin ɗayanmu ya mutu.

To ka ga abin da ya faru. Mutumin da ya ƙi cin abincina shekaru ya buɗe ƙofa ya ce a turo masa ɗana. Ɗan ya zo, ya duba gidan, ya ce shi a kasuwa zai sha ruwa. Kai ka faɗa da ladabi, na tabbata har da durƙusawa. Amma abin da kunnensa ya ji shi ne: na leƙa akushinku, na ga babu komai. Faifan nan ne aka sake ɗagawa, wannan karon da hannunka. Shi ya sa buhu ya dawo da irin ɗaurin da na farko ya dawo da shi.

Mai yiwuwa na cika zurfafa tunani. Mai yiwuwa suna da rufin asiri fiye da yadda nake zato, Inna Hajo ta maido ne kawai don ba ta cin abin da ba ta yi wa aiki ba. Amma na ga rumfarsa. A shekarar da mutane ke sayar da akuya su sayi garin kwaki, wa ke sayen sabuwar tabarma? Kuma na san Ila. Ko yunwa za ta kashe shi ba zai karɓi tiya ɗaya daga hannuna da sunan taimako ba. Hanya ɗaya ce geron nan zai shiga tukunyar gidan: ya zama hatsin baƙon da ake dafa wa. Wannan al'ada ce, ba mai jin kunyarta. Baƙo ya kawo hatsinsa, uwar gida ta haɗa da nasu ta dafa, kowa ya ci. Cin da kake gudun yi musu shi ne taimakon da za ka yi musu.

Ga abin da nake roƙonka. Na sake ɗora wa Ɗanjuma buhun tare da takardar nan. Kada ka bari ya kai shi gidan. Ka je tasha ka ɗauko da kanka, ka shiga da shi lokacin da Baba Ila yake rumfa, ka kai wa Inna Hajo. Kada ka ce Baba ya ce a ba ku. Ka ce, “Inna, na yi wauta. Ga hatsin akushina, ni kunun gida nake so, shayin tasha ba ya riƙe ni.” Za ta yi maka tsiya, ka sunkuyar da kai ka sha. In ta ce wa ya koya maka hankali, ka ce yunwa.

Ranar da aka kai azumin farko, kai za ka ɗauki akushin gidan ka bi bayan Baba Ila zuwa masallacin unguwarsu, ɗan na ƙasa da ke kusa da rijiya. Na taɓa yin la'asar a ciki. Tabarminsa sun tsufa, limamin yana da tari, in ya ja sura sai ya tsaya ya huta. Babu lasifika, fitilar ƙwai ce ɗaya. A nan nake so ka zauna. Ka ajiye akushi inda ka ga ana ajiyewa. In a buɗe suke ci, to. In ka ga wani dattijo yana kai su bayan katanga, kada ka bi shi da ido, kada ka ce za ka taya shi. Kada ka ɗaga faifan kowa, ko da na gidanku ne, ko da wasa.

In an zauna ci, ka ci kamar mutum. Kada ka cika hannu, amma kada ka riƙa tsakura kana janyewa don a ga kana tausaya musu, wannan ma wani irin ɗaga faifai ne. In ka sami dabino ko ƙosai a hanyar dawowa daga ofis, kada ka miƙa wa wani a hannu, ka zuba cikin na jama'a ka yi shiru.

Ban ce kada ka taɓa leƙa masallacin kasuwa ba. Na san daɗin karatu mai kyau, shi ya ɗauke ni a Sabon Birni, kuma ba za ni ce maka son jin Alƙur'ani daga bakin gwani laifi ne ba. In wani dare ranka ya so, ka sha ruwa a unguwa, ka yi magariba da su, sannan ka ce, “Baba, yau ina so in je in ji karatun can.” Da bakinka, ba ya ji a wurin wani ba. Ina zaton ma zai ce ku tafi tare. Amma yawancin dararen ka tsaya bayan mai tarin nan. Sahunsa gajere ne, mutum ɗaya yana ƙara masa tsawo. Ladan asham kuwa Allah ne ke rubutawa, ban ji an ce da lasifika ake auna shi ba, ko da yake ni ba malamin fiƙihu ba ne, ka tambayi waɗanda suka sani.

Za ka kuma ji samari a ofis suna gardamar masallacin wa ya fi daidai, masu kama hannu a salla da masu saki. Abin ya fara yawa a garuruwa. Ni ban kai in raba wannan gardama ba, kai ma ba ka kai ba tukuna. Ka nemi ilmi a hankali wurin masu shi. Amma kada gardamar ta sa ka tsallake dattijon da ya ba ka ɗaki ka tafi neman sahu a wani wuri.

Na san na ɗora maka kayan da ba kai ka ɗaure ba. Na yi ta tunanin ko daidai ne uba ya aiki ɗansa gyaran abin da shi ya ɓata. Har na fara wata takardar da babu labarin nan a ciki, na ga ba ta da kai, na yage. In ka ga na yi maka nauyi, ka yafe mini. Kai ne babba, kuma tun kana rarrafe in na shigo gida da damuwa kai kake fara ganewa.

Ba sai ka ba ni amsa da takarda ba. Ranar kasuwa mai zuwa za ni tsaya a ƙofar makaranta lokacin da Ɗanjuma ke wucewa. In ya ɗaga mini hannu ya wuce bai sauke komai ba, na ji amsarka.

In hakan ta kasance, to a goman ƙarshe za ni zo Isa in Allah Ya yarda. Ba za ni kawo komai ba, ko dabino ɗaya, hannu biyu za ni zo. Ka tanadar mini wuri a tabarma kusa da shi. Ka ce wa Baba Ila bawansa yana nan tafe da yunwarsa, ya ga yadda zai yi da shi.

Allah Ya tsare mini kai, Magaji, dare da rana, a gida da waje. Ya sa ka ga farkon watan nan da ƙarshensa lafiya, Ya karɓi azuminka da tsayuwarka. Allah Ya rufa asirin gidan da ya rufa naka, Ya jiƙan Baba Nomau da sauran magabata, Ya dube mu da rahama Ya saukar mana da ruwa mai albarka. Ka gaishe da Inna Hajo da yara. Innarka ta ce ka riƙa shan ruwa da yawa a sahur, kuma ka bar yawo cikin rana ba hula.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka mai ƙaunarka.